Kafin Mu Ce "Lambar Yabo"

Wani malamin makaranta cikin waɗanda muke zama da su, mutumin da ya haura shekara ashirin yana riƙe da alli, ya iso majalisarmu kwanakin baya da takarda a hannu, bakinsa har kunne. Wata ƙungiya ce daga ƙetaren iyaka ta rubuto masa da Turanci, tana yi masa albishir cewa an zaɓe shi cikin fitattun malaman yankin Sahel, kuma za a miƙa masa "award" a wani ƙasaitaccen otal. Muka taya shi murna da zuciya ɗaya, domin mun san ya cancanci fiye da haka. Sai da aka juya shafi na biyu jikinmu ya yi sanyi. Akwai kuɗin rajista, akwai kuɗin teburi, akwai na buga hotonsa a mujallar taro. In an haɗa su sun zarce albashinsa na wata biyu. Babu sunan alƙali ko ɗaya a takardar, babu kuma bayanin su wa aka gwada shi da su har ya yi fice. Ya ninke abarsa ya sa aljihu, ya ce, "To, ko ba komai dai sun san da zamana."

Wannan furuci nasa ya fi takardar yi mana ciwo, shi ne kuma ya sa muka koma muka zauna da kalmomin da Ingilishi yake amfani da su wajen girmama mutum. Akasarinmu a Nijar da Kamaru da Chadi Faransanci muka karanta, amma Turancin Ingila yana shigo mana ta wayar hannu, ta finafinan Kano, ta bakin ƴan'uwanmu na zangon Kumasi da na Nijeriya, har "awad" ta zama kalmar da yaro a Damagaram yake faɗa bai san aro ce ba. Idan kuma muka tashi yin Hausa tsantsa, a rediyo ko a rubuce, sai mu tattara komai mu ce "lambar yabo". Ɗan tseren da ya kwashe shekara huɗu yana atisaye, lambar yabo ya samu. Sojan da ya baro ƙafarsa a fagen daga, lambar yabo. Attajirin da ya biya kuɗin teburi aka miƙa masa guntun katako mai gilashi, shi ma lambar yabo. A ganinmu wannan cakuɗa kasala ce tamu, kuma masu kasuwancin girma ne suke kwasar ribarta, domin kunnen da ya saba jin suna ɗaya ba ya tambayar bambancin kaya.

Mu fara da ita "award" ɗin. Kalma ce ta kotu. Ta shiga Ingilishi daga Faransancin Normandawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma tushenta yana nufin a duba abu da kyau sannan a yanke. Ƙarnoni da dama abin da take nufi shi ne hukuncin alƙali ko na mai sasanci, har yau kuwa idan kotun Ingila ta yanke wa mutum diyya, da wannan kalma ake faɗa. Ashe ke nan katakon da ake miƙawa a dandamali inuwa ce kawai, ainihin abin shi ne hukuncin da ya gabace shi. Inda babu alƙali, babu shaida, babu abokin gwaji, to ko a ma'aunin masu harshen ba a yi "award" ba, ciniki aka yi. Wata alama da ake gane hukunci na gaskiya ita ce alƙalai su iya fitowa su ce bana babu wanda ya kai. Kyautar Mo Ibrahim ta tsofaffin shugabannin Afirka, wadda aka fara a 2007, shekarun da ba a ba kowa ita ba sun fi waɗanda aka bayar yawa. Ana iya gardama a kan zaɓinta, kuma a fadodin shayi na Yamai an yi gardamar sosai lokacin da ta 2020 ta zo Nijar, amma ko mai sukarta ya san kwamitinta ya iya rufe baki da hannu. Masu gayyatar malaminmu ba za su taɓa cewa bana babu wanda ya kai ba, tunda kowane teburi da kuɗinsa.

Kalmar "prize" ta fi ba mu mamaki. Ita da "price", wato farashi, da "praise", wato yabo, uwa ɗaya ta haife su: kalmar Latin "pretium", mai nufin ƙima ko kuɗin abu. A tsohon Ingilishi ma rubutun biyun farko ɗaya ne, daga baya aka raba musu haruffa. Harshen ya yi ɗaruruwan shekaru yana gina katanga tsakanin abin da ake ci a gasa, da abin da ake biya a kasuwa, da abin da baki yake furtawa. Katangar ba ta da kauri, harafi ɗaya ne tak, kuma tarihin Ingila kansa ya nuna yadda ake haura ta. Za mu zo wurin.

"Trophy" kuwa daga fagen yaƙi ta fito. Girkawan dā idan suka kori abokan gaba, sukan tattara garkuwoyi da kwalkwali da masun da aka zubar, su rataye su a kututturen itace a daidai wurin da maƙiyi ya juya baya. Sunan abin daga kalmar juyawa aka samo shi. Saboda haka a cikin "trophy" akwai wanda aka kayar, dole ne. Wannan ma'ana ba ta ɓace mana ba a wasan ƙwallo, inda muka ari "cup" muka mayar da ita "kofi", kuma babu wanda yake ruɗewa. Kowa ya san Gana ta riƙe kofin Afirka na farko har abada a 1978 saboda ta ci shi sau uku, Kamaru ta riƙe na biyu a 2000 bisa wannan ƙa'ida. Babu ɗan kasuwar da zai rubuto wa wata ƙasa ya ce ta aiko da kuɗin teburi a ba ta kofin Afirka. A ƙwallo mun kiyaye ma'ana domin idonmu yana kan fili minti casa'in. A aikin malanta da rubutu da hidimar jama'a, inda ba a ganin ƙwallo tana shiga raga, a nan ne aka same mu.

Akwai wata kalma da ta fi duk sauran daɗin tarihi, "laurel". Sunan wata bishiya ce ta bakin Bahar Rum wadda ganyenta ba ya kaɗewa rani da damina, ita ce wadda ake sayar da busasshen ganyenta a wurin masu kayan ƙamshi, uwargida ta jefa biyu a tukunyar dafa-duka. Da wannan ganye Girkawa suke saƙa kambi su ɗora wa zakaran wasannin Delfi, da shi Rumawa suke yi wa janar ɗin da ya dawo da nasara ado. Daga nan aka sami "laureate", wanda aka ɗora wa ganye. Shi ya sa ake kiran Wole Soyinka, wanda ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1986, da wannan suna, shi ya sa kuma fadar Ingila take da mawaƙinta na hukuma mai wannan laƙabi tun daga John Dryden a 1668. Ƴaƴanmu da suke kwana ba barci saboda jarrabawar "bak" su ma suna ƙarƙashin inuwar wannan bishiya, domin malaman jami'o'in Turai na dā sun lanƙwasa tsohuwar kalmar da ake kiran ɗalibi da ita har ta yi kama da "ɗan itacen laurel" a Latin, aka sami "baccalauréat". Abin lura a nan shi ne arahar kayan. Ganye ne, kwana kaɗan ya bushe. Turawa ma suna da zambo ga mutumin da ya yi nasara sau ɗaya ya daina ƙoƙari, sukan ce ya kwanta a kan ganyensa.

Haka "medal", wadda muka sani da "medayi" a ɓangarenmu. Asalinta a Italiyanci sunan wani ƙaramin tsabar kuɗi ne maras daraja sosai. Wannan ya tuna mana da hikimar kakanninmu da suka kira tauraron kafaɗar hafsan soja "anini", sunan mafi ƙanƙantar kuɗin zamanin Turawa, mai tauraro a jikinsa da huda a tsakiya. Ita kanta "lamba" masana harshe da dama suna ganin "number" ce ta Turanci bakin Bahaushe ya gyara. Jerin zinare da azurfa da tagulla da muke ɗauka kamar tun fil'azal yake, a gasar Olamfik ta 1904 a Amurka aka fara shi. A ta farko, a Atina a 1896, wanda ya zo na ɗaya azurfa aka ba shi da reshen zaitun. Tun bayan gasar 1912 ba a ƙara yin lambar zinare zalla ba, ta yau azurfa ce aka shafa mata zinare giram shida ko sama da haka kaɗan. To amma a tambayi ɗan Nijar nawa ne kuɗin tagullar da Issaka Daboré ya ciwo a dambe a Munik a 1972, ko azurfar da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciwo a Riyo a 2016, bayan shekara 44 ƙasa tana jira. Zai dube ka kamar ka tambaye shi farashin sunan mahaifinsa.

Ingilishi sun kai wannan tunani maƙura a lambarsu mafi girma ta jarumtaka, "Victoria Cross", wadda aka kafa a 1856 ana dab da kammala yaƙin Kirimiya. Da gangan aka ƙi yin ta da zinare. Tagullar tsofaffin igwogin da aka ƙwato ake narkarwa a yi ta, kuma kurtu da janar duk ɗaya ne a gabanta. Sai dai kada ƙyallin wannan labari ya rufe mana ido, domin lambar soja shaida ce ta jarumtaka a idon wanda ake yi wa yaƙi. Tarihin Chari Maigumeri ya ishe mu misali. Yana saurayi ya shiga sojan Jamusawa a Kamaru, ya yi faɗa da Ingilishi a yaƙin duniya na ɗaya har Jamusawa suka ba shi lambarsu ta "Iron Cross". Ingilishi suka kama shi, daga baya ya shiga rundunarsu, ya kai matsayin babban samanja, ya yi yaƙi da Italiyawa a gabashin Afirka a yaƙi na biyu suka ba shi "Military Medal", ya je har Bama. Yau akwai barikin soja mai sunansa a Lokoja. Ƙirji ɗaya, lambobin daulolin da suka yi gaba da juna. Jarumtakar tasa ce, babu mai musu, amma kowace lamba tana ɗauke da hatimin mai ita.

Wannan ya kawo mu ga rukunin da ya fi shafarmu, wanda Ingilishi suke kira "honours". Waɗannan ba a cin su a gasa. Mai mulki ne yake bayarwa, kuma a Latin kalmar tana nufin girma tana kuma nufin muƙamin hukuma. Sau biyu a shekara ake fitar da jerin sunaye a Landan, da sabuwar shekara da lokacin bikin haihuwar sarki. Kalmomin wannan rukuni duk warin fada suke yi. "Knight", wanda muke fassarawa da barde, a tsohon Ingilishi yaro ne ko bara, mai yi wa ubangidansa hidima. "Accolade", wadda ƴan jarida suke watsawa yau a kan kowane irin yabo, daga kalmar wuya ta fito: rungumar da sarki yake yi wa sabon barde, wadda ta koma dafa takobi a kafaɗa, mutum yana durƙushe. "Order" kuwa ƙungiya ce, irin ta ƴan'uwantakar barade, sarki ne shugabanta. Mafi tsufa a Ingila ita ce ta "Garter", wadda Sarki Edward na Uku ya kafa wajen 1348. Alamarta maɗaurin safa ne, kuma zaɓaɓɓun ƴaƴanta ba sa wuce 24, sai wani ya mutu ake samun gurbi. Wadda ta fi yawo a ƙasashenmu ita ce ta Daular Birtaniya da Sarki George na Biyar ya kafa a 1917, mai hawa biyar, inda MBE da OBE da KBE suka fito. Hawa biyu na sama kaɗai suke ba namiji damar sa "Sir" gaban sunansa.

Wanda ya fahimci haka zai gane cewa karɓar irin wannan lamba shiga ƙungiya ce da amsa sunan yaron wani. Bahaushe bai rasa sanin wannan ba, don shi ma ya san wanda aka naɗa wa rawani ya zama na sarki. An ba Ahmadu Bello KBE a 1959, aka ba Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1960, muka mayar da "Sir" ta zama "Sa". Amma a je kowace kasuwa daga Sakkwato zuwa Garwa a ce "Sardauna", babu mai tambayar wanne. Rawanin gida ya zauna, na Landan yana nan a littattafan makaranta. Bayan samun mulkin kai ƙasashenmu ba su watsar da tsarin ba, suna kawai suka sauya masa. Nijeriya ta yi dokarta a 1964 ta fito da GCFR da CON da OFR da MON, Gana ta yi ƙungiyar Volta da ta Tauraron Gana, mu kuma muka gaji hawa-hawan Faransa na "chevalier" da "officier" da "commandeur", waɗanda suka samo asali daga ƙungiyar da Napoleon ya kafa a 1802. "Chevalier" ɗin ma mahayin doki ne, barde dai.

Tunda karɓa mubaya'a ce, ƙin karɓa ma magana ce, kuma masu harshen sun san nauyinta. Rabindranath Tagore, mawaƙin Indiya, ya mayar wa Ingilishi da "Sir" ɗinsu a 1919 bayan kisan gillar da sojojinsu suka yi a Amritsar. John Lennon ya mayar da MBE ɗinsa a 1969, cikin dalilan da ya bayar har da hannun Birtaniya a yaƙin basasar Nijeriya. Benjamin Zephaniah, mawaƙi baƙar fata ɗan Ingila, ya ƙi OBE a 2003 saboda kalmar "daula" da ke cikin sunanta tana tuna masa da bautar da aka yi da kakanninsa. Chinua Achebe ya ƙi lambar CFR ta ƙasarsa har sau biyu, a 2004 da 2011. Mai bayarwa shi ma yana iya tuɓewa: an ƙwace ta Ceaușescu na Romaniya a 1989, an ƙwace ta Robert Mugabe a 2008. Idan mai fassara ya ce wa mai sauraro a Tawa ko a Marwa "ya ƙi karɓar lambar yabo", sai ya ji kamar mutum ne mai girman kai ya ƙi kyauta. Da an ce masa "ya ƙi naɗin sarki", da ya gane nan take cewa magana ce ta siyasa.

Mun yi alkawarin komawa ga katangar nan mai harafi ɗaya. Kada wani ya zaci muna cewa Turawa tsarkaka ne a wannan fage. A zamanin firayim minista Lloyd George an sayar da muƙaman girma a Landan kamar goro, har ana maganar fam 10,000 kuɗin zama "Sir". Abin ya fashe a 1922, majalisa ta yi doka a 1925 ta haramta cinikin, kuma a 1933 aka ɗaure babban dillalin, Maundy Gregory, wata biyu tare da tarar fam 50. Hukuncin bai taka kara ya karya ba, kuma har yau jaridun Ingila ba su daina zargin cewa masu ba jam'iyyu gudummawa suna tsintar kansu a majalisar dattawa ba. Abin da muke nunawa shi ne sun ba ɓarnar suna, sun kira ta laifi, sun rubuta ta a doka. Har ila yau harshensu yana da hanyar rage wa girma zafi: sojojinsu suna kiran lamba "gong", wato ƙarfen da ake bugawa a kira mutane cin abinci, kuma a jami'ar Kambirij ɗalibin da ya ci jarrabawar lissafi a can ƙarshen jeri akan ba shi cokalin katako, al'adar da aka yi ta ƙarshe a 1909. Wa ya sani, da muna da namu cokalin, wataƙila da yunwar katakon gilashi ta ragu.

Mu a nan ɓarnar ba ta da suna, sai ma kirari. A Akra a 2020 wani mutum ya tara manyan mutane, da mawaƙa da ƴan jarida da shugabannin hukumomi, ya raba musu lambobin da ya jingina wa Majalisar Ɗinkin Duniya. Suka yi ado suka je, suka ɗauki hotuna. Bayan kwanaki ofishin Majalisar a Gana ya fito ya ce bai san zancen ba. An yi dariya, mu ma mun yi, amma waɗanda aka yaudara masu Turanci ne gangariya. Babu wanda ya tambayi wa ya yi alƙalanci.

Kalmar da aka fi zalunta ita ce "honorary". A Ingilishi tana nufin suna ba tare da aikin ba, girmamawa kawai. Digirin girmamawa digiri ne da jami'a ta yafe wa mutum zama a aji da jarrabawa, kuma a al'adar can wanda aka ba ba ya yawo yana kiran kansa dakta. Jami'ar da ta san darajar kanta tana iya hanawa: malaman Oksfod sun kaɗa ƙuri'a a 1985 suka hana Margaret Thatcher, tana kan kujerar firayim minista, kuma tsohuwar ɗalibarsu ce. Da kalmar ta iso wurinmu sai muka yar da rabinta muka riƙe "Dakta". Ba mu ce kowane irin wannan digiri banza ne ba. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata nasa a 1988, babu Bahaushen da ya tambayi dalili, don hukuncin jama'a ya riga na jami'a da shekaru arba'in. Jami'ar ce ma ta ƙaru da shi. Amma yau daktocin da ba a san jami'arsu ba sun yi yawa, har shugabannin jami'o'in Nijeriya suka taru a Keffi a 2012 suka yi wa kansu ƙa'idar daina ba masu riƙe da muƙaman siyasa. Wanda abin ya fi cuta shi ne yaron da ya yi shekara biyar yana bincike a Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Ngaundere, ya fito da sunan da maƙwabcinsa ya saya a dare ɗaya.

Abin haushin shi ne Hausa ba ta taɓa rasa kalmomin rarrabewa ba. Wanda ya kayar da kowa a fage zakara ne ko gwarzo, ya ci kambu. Wanda sarki ya ɗaukaka an yi masa naɗi, an ba shi rawani da alkyabba. Abin da aka ba ka don ƙauna kyauta ce, abin da ka ba ɗan aiken da ya kawo ta tukwici ne, abin da aka biya ka don aiki lada ne. A tsangaya akwai hawa-hawa tun daga kolo da titibiri da gardi har zuwa alaramma da gwani da gangaran, kuma ba a zama gwani da wasiƙa. Gwanaye ne suke zama su saurare ka, su duba Alƙur'anin da ka rubuta da ka, su nemi kuskuren wasali ɗaya. Malamin ilimi idan ya ba ɗalibi ijaza sai ya jero masa sunayen waɗanda shi ma ya karɓa daga hannunsu. Wannan salsala ita ce ainihin abin da tsohuwar ma'anar "award" take nema: a san wanda ya duba, a san wanda ya yanke. An ce yaba kyauta tukwici. Takardar malaminmu ta juya maganar, tukwici ake nema tun kyauta ba ta iso ba, kuma ya ninka ta kuɗi.

Wani zai ce mana, to ai sarautar gargajiya ma da kuɗi ake nemanta, kuɗin sarauta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba, kuma yadda wasu fadodi suke ƙirƙiro sarautu yau su raba wa masu hannu da shuni ɗan'uwan kuɗin teburi ne, rawani kawai aka naɗa masa. Amma a dubi Sarkin Noma a ƙasar Maraɗi da Katsina a dā. Kafin ya amsa sunan sai ya noma dami dubu, ya yi bikin dubu, ya ciyar da gari, ya rabar da dukiya. Ya kashe kuɗi ƙwarai, sai dai damman suna jere a fili, kowa yana iya ƙirgawa. A dubi kuma kokowar gargajiya ta Nijar. Tun da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, kowace shekara jihohi suna kawo ƴan kokowarsu, ƙasa baki ɗaya tana kallo, wanda bayansa bai taɓa ƙasa ba shi ake naɗa wa rawani a miƙa masa takobi. Ba a taɓa kiran wannan takobi "lambar yabo" ba, kuma ba ya bukata. Haka a Wagadugu, da aka tashi yi wa gasar finafinan Afirka alama, dokin gimbiya Yennenga aka ɗauko daga tarihin Mosawa, kuma ɗan Nijar Oumarou Ganda ne ya fara ɗaukar sa a 1972.

Abin da muke roƙon masu fassara labarai da masu rubutu a shafuka irin wannan bai da yawa. Idan gasa aka yi, a ce ya ci ko ya lashe, a faɗi su wa ya kayar. Idan alƙalai ne suka zaɓa, a ambaci alƙalan ko hukumar da ta naɗa su. Idan shugaban ƙasa ne ya bayar, a ce lambar girma ta ƙasa, don mai sauraro ya san daga fada ta fito, ya auna ta da abin da ya sani game da fadar. Idan kuwa wata ƙungiya ce ta sassaƙa katako don ta gode wa wanda ya taimake ta, babu aibu a ciki, a kira shi allon godiya, shi ke nan. Wanda kuma aka biya kuɗi aka karɓo, ba mu da shawarar suna tukuna, amma talla ce, kuma gidajen rediyo sun san yadda ake sanar da cewa shiri na talla ne.

Malaminmu bai je otal ɗin ba. Ya so zuwa, har ya fara maganar bashi, uwargidansa ce ta ce kuɗin makarantar yara ya fi kusa. Makon jiya ƙungiyar ta sake rubuto masa. Sun ce saboda ƙimarsa an rage masa rabin kuɗin teburi, kuma idan ya kawo mutum biyu da za su yi rajista, za a ɗaga shi daga "award" zuwa "Ambasada".